BUJI MAI TSADA: YANA RAGE SHAN MAI, KO KUWA DAƊIN BAKIN MAI SHAGO NE?

Duk wanda ya taɓa kai babur ko mota gyara a nan Mardjandafak, ko ya shiga shagon kayan gyara a sauran unguwannin Njamena, da wuya a ce bai ji wannan tallar ba. Mai shago zai ɗauko buji iri biyu, wato abin da 'yan'uwanmu na Nijeriya ke kira fulogi, ya ajiye a gabanka. Ɗaya na kullum ne, ɗayan kuwa kuɗinsa ya ninka na farkon sau da yawa, an ce da shi iridiyum ko filatinum. Sai ya ce maka wannan mai tsadar yana ƙara wa inji ƙarfi, yana kuma rage shan mai.

Ga ɗan kilando ko mai taksi, wannan magana ba ta wasa ba ce. A watan Mayu na 2023 Nijeriya ta janye tallafin mai, man kwalba da ke shigowa ta Kuseri ya daina araha irin ta da. A watan Fabrairu na 2024 kuma gwamnatin Chadi ta ɗaga kuɗin litar fetur daga sefa 518 zuwa sefa 730. Mu ɗauka ɗan kilando yana ƙona lita uku a yini. A wancan farashi sefa 2,190 ke nan ya fita kafin ya kai cefane gida. To, mutumin da ke cikin wannan hali, in aka ce masa ga abin da zai rage masa asara, ai dole ya saurara. Abin tambaya shi ne, gaskiya aka faɗa masa?

AIKIN BUJI

Aikin buji guda ɗaya ne tak: ya ƙyasta wuta a kan lokaci. Fetur da iska suna haɗuwa su shiga cikin inji, fistin ya matse su, sai wutar lantarki mai ƙarfin gaske ta yi tsalle tsakanin bakin ƙarfe biyu da ke kan bujin, haɗin ya kama da wuta ya tunkuɗa fistin. Haka ake yi sau dubbai a cikin minti ɗaya. Tun shekarar 1902, da injiniya Gottlob Honold na kamfanin Bosch a Jamus ya fito da tsarin kunna inji da irin wannan wuta, ainihin aikin bai sake ba.

Ƙarfin da ke tura babur a cikin fetur yake, ba a cikin buji ba. Buji kamar ashana ne. Uwargida ta san cewa ashana mai tsada ba ta ƙara wa gawayi zafi. In dai ta kama, ta gama nata aikin. Saboda haka matuƙar bujin na kullum sabo ne, kuma shi ne daidai da injin, yana ƙona man yadda ya kamata, babu wani ragowar ƙarfi da mai tsadar zai tono.

TO MENE NE AMFANIN MAI TSADAR?

Bambancin yana a bakin ƙarfen. Na kullum ana yin bakinsa da haɗin ƙarfen nikel, kaurinsa kamar milimita 2.5. Nikel yana narkewa a zafin digiri 1,455, filatinum a 1,768, iridiyum kuwa sai ya haura 2,400. Da yake iridiyum yana da wannan juriya, ana iya sirantar da bakinsa ƙwarai: na kamfanin NGK milimita 0.6, na Denso kuma 0.4, dukansu kamfanonin Japan ne. Siririn baki ya fi saurin fitar da wuta, kuma ba ya saurin cinyewa.

Nan ne ribarsa take, wato daɗewa. A mota, buji na kullum akan sake shi bayan tafiyar kilomita 20,000 zuwa 30,000, alhali na iridiyum mai kyau yana iya kai kilomita 100,000. Yakan ɗan sauƙaƙa tayar da inji da sanyin safiya. Amma batun ragin mai, in ma an samu, kaɗan ne ƙwarai, wanda ba za ka gan shi a cinikin yini ba.

Mai karatu zai ce, ai ni na saka, na kuma ji canji. Ba ƙarya ka yi ba. Sai dai ka tuna wane buji aka cire. Tsohon da bakinsa ya cinye, ko ya yi kunkunniya, yana fashin ƙyasta wuta, man da bai ƙone ba ya fita ta salansa a banza. Da sabo na kullum aka saka maka, da irin wannan canjin za ka ji. Sabuntar ce ta yi maganin, ba tsadar ba.

LAMBA TA FI TSADA MUHIMMANCI

A jikin kowane buji akwai haruffa da lamba, kamar C7HSA ko D8EA da ake gani a ƙananan babura. Harafin farko yana nuna kaurin zaren da ake murɗawa, lambar kuma tana nuna yadda bujin ke fitar da zafi daga jikinsa. A wajen NGK, in lamba ta ƙaru bujin ya fi sanyi. A wajen Bosch kuwa akasin haka ne. Bujin da ya cika sanyi zai yi ta tara baƙi, wanda ya cika zafi kuma zai iya kunna mai kafin lokaci, har ya huda fistin. A zafi irin na Njamena cikin watan Afrilu, wannan kuskure ba ƙarami ba ne. Don haka a bi lambar da kamfanin da ya ƙera injin ya rubuta, a kuma auna tazarar baki, wadda a irin waɗannan babura takan kasance milimita 0.6 zuwa 0.7.

Sai kuma jabu. Kamfanin NGK da kansa ya sha yin gargaɗi game da masu kwaikwayon kayansa. In ka ga iridiyum da arahar da ta wuce hankali, ko rubutun jikinsa ya yi dishi-dishi, ko zoben ƙarfensa yana zamewa ya faɗi, to, ka riƙe kuɗinka. Bakin jabu yana iya narkewa ko ya karye a cikin inji, garin neman gira a rasa ido. Na kullum na ainihi ya fi iridiyum na jabu nesa ba kusa ba.

INDA MAN YAKE ZUREWA

Wanda ke son rage shan mai da gaske, ga inda zai duba. Na farko matatar iska, domin ƙurar hunturu tana toshe ta, babur mai kafireta kuwa in ya rasa iska sai ya zuƙi mai fiye da kima. Na biyu saitin kafireta. Na uku iskar taya da tsaurin sarƙa. Na huɗu irin man da ake sha, tun da na kwalba wani lokaci yakan zo da ƙura, ko ruwa, ko gaurayen kananzir, kuma wannan zai ɓata kowane buji, komai tsadarsa. Na biyar hannun mai tuƙi: yawan fizga da taka birki.

Bujin kansa mai ba da labari ne. Ka sa makaniki ya kwance shi ka duba bakinsa. In ruwan ƙasa-ƙasa ne, inji lafiya lau. In baƙi ne busasshe, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In baƙi ne da maiƙo, baƙin mai yana haurowa, ringi ya gaji. In kuwa fari ne fat, zafi ya yi yawa.

WA YA KAMATA YA SAYA?

Mai motar zamani wadda da iridiyum ta fito daga kamfani, kada ya koma na kullum don neman sauƙi. Haka nan wanda bujin motarsa ke da wuyar kaiwa, sai an kwance kaya da yawa, mai daɗewar ya fi masa. Sai dai a gaya wa yaran gareji kada su goge siririn bakinsa da burushin ƙarfe ko sanfefa. Masu motar gas, irin manyan Land Cruiser, wannan magana ba ta shafe su ba, domin injinsu matsi ne ke kunna shi. Bujin da ke jikinsa na ɗumama inji ne kawai.

Amma ɗan kilando, da mai tsohuwar taksi, da mai ƙaramin janareto a shago, na kullum na ainihi, mai lamba daidai, wanda ake sakewa a kan kari, ya wadatar. Wanda kuma bai gamsu ba, gwaji ba shi da wuya: ya cika tanki da sabon buji na kullum, ya rubuta kilomita da litar da ya sha har mako guda, sannan ya yi haka da mai tsadar a kan hanyoyin da ya saba bi. Gani ya kori ji. Allah ya sa wa nema albarka, ya kuma kiyaye hanya, amin.