Ko Kun Sani? Asalin Kalmar Al'ajabi

Kalmar "al'ajabi" da ake ji a bakin mutanen Tsaskiya da sauran garuruwan Batsari da Safana baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Daga Larabci ta zo: "ajab" na nufin mamaki, "al" kuwa ɗafi ne da Larabawa ke sa wa suna a gaba. Bahaushe ya haɗe su wuri guda, kamar yadda ya yi wa alƙali, alƙalami da albasa.

Turawan Ingila kuwa tun ƙarni na 17 suka ƙera tasu kalmar ta mamaki, "dumbfound", daga "dumb", wato bebe, da "confound", wato ruɗarwa. Mu ma idan abu ya girgiza mutum sai mu ce ya rasa ta cewa. Ashe ko'ina babban mamaki bebanta mutum yake yi.