Sanin Itacen Kanumfari da Danginsa, Daga Lambunan Timiya

Duk wanda ya bar Agadas ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa duwatsun Abzin tafiyar kilomita sama da 200 har ya sauka kwarin Timiya, inda Buzayen Kel Ewey suke shayar da lambunansu da ruwan rijiya, zai tarar da dabino da inabi da rumman da lemo iri-iri, amma ba zai tarar da itacen kanumfari ba ko ƙwaya ɗaya, alhali kuwa kanumfarin kansa sananne ne a ƙasar Abzin kamar yadda yake a ƙasar Hausa, inda yake shiga yaji da kunu da turare da maganin haƙori. Saboda haka ya kyautu mai amfani da shi ya san asalinsa, ya kuma san hanyar da malaman ilmin tsirrai suke bi su gane itacensa.

Asalin itacen nan waɗansu ƙananan tsibirai ne na Maluku, a ƙasar Indunusiya ta yau, irin su Tarnate da Tidore, inda ruwan sama yake da yawa, iska kuma take da laima. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba ya rayuwa a bakin Sahara. Tsawonsa yakan kai mita 8 zuwa 12, ba ya kaɗe ganye rani da damina, abin da muke saye a kasuwa kuwa tohon furensa ne, wanda ake tsinkewa ya fara ja tun bai buɗe ba, a shanya a rana har ya yi duhu. Mutanen Holan sun tsare cinikinsa a ƙarni na 17, suna sare itatuwan sauran tsibirai domin kada a same shi sai a wajen tsibirin Ambon, har zuwa 1770 da wani Bafaranshe, Pierre Poivre, ya sa aka fitar da dashensa a ɓoye zuwa tsibirin Morishas. Daga bisani ya kai Zanzibar da Pemba, inda Sayyid Sa'id, Sarkin Oman, ya yawaita gonakinsa da ƙwadagon bayi.

Malamai sun sanya shi cikin dangin da suke kira Myrtaceae, da sunan Syzygium aromaticum, 'yan'uwansa kuwa ba baƙi ba ne gare mu, domin gwaiba da malmo da itacen turare duk dangin ne. Alamominsu huɗu ne. Ta farko, galibi ganyayen sukan fito biyu-biyu suna fuskantar juna a jikin reshe, gefensu sumul babu tsaga. Ta biyu, idan aka ɗaga ganye aka duba shi da hasken rana, za a ga ɗige-ɗige masu haske, waɗanda su ne ma'ajin mai, shi ya sa ƙamshi yake tashi in an murza shi. Ta uku, furen yana da zaruruwa masu yawan gaske a tsakiyarsa. Ta huɗu, ƙoƙon furen yakan wanzu a kan ɗan itacen bayan ya nuna, kamar yadda kowa yake gani a kan gwaiba.

Sai dai fa a nan ne mai gaggawa yake kuskure, lambun Timiya kuwa ya ishi mai hankali makaranta. Ganyen lemo yana da ɗige-ɗigen mai, yana kuma da ƙamshi in an murza, har mutum ya yi zaton ya sami ɗan dangi. Amma in ya natsu zai ga ganyayen ɗaya-ɗaya suke fitowa, wannan sama da wancan, ga ƙaya a reshe, ɗan kuma ba shi da ƙoƙo a kansa. Rumman kuma, wanda ganyensa biyu-biyu ne, furensa cike da zaruruwa, ɗansa ɗauke da ƙoƙo bayyananne, ya cika sharuɗɗa uku, amma ganyensa ba shi da ma'ajin mai, don haka malamai suka ba shi wani dangi dabam, ko da yake akwai kusanci tsakaninsu. Itacen turare ma, wanda ɗan dangi ne na haƙiƙa, in ya girma ganyensa yakan koma ɗaya-ɗaya. Kamar yadda alƙali adali ba ya yanke hukunci sai shaidu sun cika, haka mai nazarin itace ba ya ba shi suna sai alamomin sun taru, na ganye da na fure da na 'ya'ya.

To, mu da itacen bai tsiro a ƙasarmu ba, wannan ilmi yana da fa'ida a kasuwa. Ƙwayar kanumfari ta gari tana da jiki cikakke, da ƙahoni huɗu a sama, da ɗan dunƙule a tsakaninsu wanda shi ne furen da bai buɗe ba. In aka danna ta da farce sai mai ya fito, in aka jefa ta a ruwa sai ta nutse ko ta tsaya a tsaye. Wadda aka riga aka tatse manta kuwa takan yi sakayau, ta kwanta a kan ruwa, waɗansu masu algus kuma sukan cakuɗa ta da sandunan furen domin ƙarin nauyi. Mai saye ya duba kan ƙwayar, ya gwada ta da farce, kafin ya biya kuɗinsa.