Baƙuwar Kyanwa a Gida: Hanci Ke Karɓar Baƙo Kafin Ido

Da zarar kaka ta yi a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, aka zuba dawa da gero a rumbu, aka jibge buhunan gyaɗa a ɗaki, sai ɓeraye su yi sallama. A lokacin ne magidanci kan ga kyanwarsa guda ta yi kaɗan, ya roƙo wata daga maƙwabta ko daga ƙauye, a kawo ta cikin buhu, a zazzage ta a tsakar gida gaban wadda ke nan tun da. Abin da kan biyo baya sananne ne: huci, gurnani, yakushi, daga bisani ɗaya ta haura katanga ta shige duwatsu ko gidan wani. Wanda ya nemi kyanwa biyu sai ya wayi gari da ɗaya, wani lokaci ma babu ko ɗaya. Asarar kuwa ta wuce ta hatsi, domin wani nau'in ɓera da ke shiga gidaje shi ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓeraye a gida.

To me ke haddasa wannan faɗa? Amsar tana cikin asalin dabbar. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a shekarar 2007 ya nuna cewa kyanwar gida ta samo tushe ne daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda masana ke kira Felis lybica. Ita wannan dabba ba ta yawo a garke. Kowace tana da yankinta, ita kaɗai take farauta a cikinsa. Duk da cewa an tono kabarin mutum da kyanwa a gefensa a tsibirin Kubrus mai kimanin shekara 9,500, wannan doguwar zama da ɗan Adam ba ta kankare halin ba. Inda ake ganin kyanwoyi na zaman lafiya wuri guda, galibi uwa ce da 'ya'yanta mata da suka tashi tare.

Iyakar yankin kyanwa da wari ake shata ta. Akwai wasu ƙananan gaɓoɓi a kumatunta, da haɓarta, da goshinta, da tafin ƙafarta, masu fitar da sinadarin da hancinmu ba ya ji. Idan mai karatu ya ga kyanwa tana goga kumatu a jikin turmi ko ƙafar gado, ko tana kartar gindin darbejiya, to sa hannu take yi. Muzuru kan ƙara da fesa fitsari a bango. Tana kuma da wata gaɓa ta musamman a rufin bakinta, bayan haƙoran gaba, da take karanta irin waɗannan saƙonni. Shi ya sa takan buɗe baki kaɗan ta yi shiru bayan ta shinshina wani wuri. Kyanwoyin gida ɗaya suna goga jikin juna har warinsu ya gauraya. Duk wadda ba ta ɗauke da wannan wari na gida, ɓarauniya ce a wurinsu, ko da kuwa maigida ne ya kawo ta da hannunsa.

Saboda haka dabarar ita ce a gabatar da wari kafin a gabatar da fuska. A keɓe baƙuwar a ɗaki guda mai ƙofa, da abincinta, da ruwanta, da kaskon yashi na bahaya. A sami tsumma mai tsabta a shafa a kumatunta, a ajiye kusa da inda ta gida ke cin abinci, a yi wa ɗayar haka ita ma. Ranar farko za a ji huci. Kada a damu, kada kuma a doke ta, don duka yana sa ta danganta warin baƙuwar da azaba. Idan tsumman ya daina tayar musu da hankali, sai a riƙa ba su abinci lokaci ɗaya, ƙofa na tsakaninsu, sannan a ɗan buɗe ta su hangi juna. Wannan na iya cin mako biyu, a wasu ma ya zarce wata. A ganina gaggawar yaran gida, masu ɗokin ganin an haɗa su, ita ta fi ɓata wannan aiki.

Keɓewar tana da wani amfani na biyu. Cikin kwanakin nan za a gane ko baƙuwar na da mura, ko zawo, ko ƙuma, kafin ta shafa wa ta gida. Cizon faɗa kuma shi ne babbar hanyar yaɗuwar wata ƙwayar cuta mai raunana garkuwar jikin kyanwa, wadda aka gano a Kalifoniya a 1986. Ba ta kama mutum. Ciwon haukan kare kuwa yana kama kyanwa, yana kuma kashe mutum, don haka a kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata rigakafi. Kada kowa ya sa hannu raba faɗan kyanwoyi, a watsa musu ruwa ko a gitta faifai. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Mai zaɓe ya sani cewa ƙaramar kyanwa ta fi saurin karɓuwa, muzurai biyu baligai kuwa da wuya su shirya. Ko bayan an saba, a raba musu kwanon abinci da wurin kwana, ɗaya kusa da rumbu, ɗaya a zaure.