Ranar da Waya ta Yi Shiru a Zamfara

Duk wanda ya kai shekara arba'in a cikinmu bai manta da yadda saƙo yake tafiya a dā ba. Ɗa yana aiki a Legas ko Fatakwal, iyaye suna ƙauye, abin da ke haɗa su shi ne takarda da kan sarki. A ƙauyuka da yawa akwatin gidan waya ɗaya ne, na majami'a ko na makaranta. Ranar Lahadi bayan an tashi sujada, sai sakatare ya tsaya bakin ƙofa yana kiran sunayen waɗanda suka sami wasiƙa. Wanda bai iya karatu ba ya nemi ɗan makaranta ya karanta masa, ya kuma rubuta masa amsa. Kuɗi kuwa, direba ake danƙa wa a tasha, ya kai su bisa amana.

Har zuwa shekarar 2000, layukan tarho a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'ar ƙasar sun haura miliyan 100. A watan Janairu 2001 gwamnati ta sayar da lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, a watan Agusta kuma MTN da Econet suka soma aiki. A lokacin layi kaɗai yakan kai naira dubu 20, kira kuma naira 50 ne minti ɗaya. Da Glo ya shigo a 2003 yana lissafi da daƙiƙa, sai farashi ya soma saukowa. A yau layukan da ke aiki sun wuce miliyan 150.

Wannan 'yar na'ura ta sake fasalin neman abincinmu. Masu rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya sun watse. 'Yan matan da suka kafa lema a bakin titi suna sayar da kira, su ma kasuwarsu ta mutu da kowa ya mallaki tasa. A madadinsu muka sami masu cajin waya, da masu POS, da samarin da ke gyara a wurare irin kasuwar Farm Centre ta Kano. Manomin citta a Kachiya yakan ji farashi kafin ya ɗaure buhu, mai hatsi yakan tambayi Dawanau kafin ya yi lodi. Tafiyar kwana biyu ta zama kiran minti biyu. Wannan alheri ne, babu mai musu.

Sai dai kuma, ba tare da mun lura ba, mun ɗora saƙonmu da kuɗinmu da cinikinmu a kan jaki guda. Mutanen Zamfara sun ga abin da ke faruwa ranar da jakin ya durƙusa. A farkon watan Satumba 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanoni su rufe layuka a jihar baki ɗaya, domin a yanke hulɗa tsakanin 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Mako biyu aka ce, amma abin ya zarce, har ya shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Masu POS suka zauna ba aiki. Mutane suka riƙa shiga mota daga Gusau zuwa Funtuwa don su yi kira kawai su dawo. Wasu suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi a tasha, kamar yadda iyayenmu suka yi. Lalle da tsohuwar zuma ake magani.

Ba a jima ba, sauranmu muka ɗanɗana namu. Da Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya a farkon 2023. Aka ce kowa ya biya ta waya. Sai ga mutum an cire kuɗi a asusunsa amma ba su isa ga mai kaya ba, ga mara lafiya yana jira a biya masa magani. Waɗanda suka fi jin jiki su ne tsofaffi da matan ƙauye masu sayar da itace ko ƙosai, waɗanda ba su da asusun banki sam. Sai a watan Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun.

'Yan'uwa, ba cewa muke yi a jefar da waya ba. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu nawa ne muka haddace lambar mutum uku? Ya kamata kowane gida ya rubuta muhimman lambobi a littafi, ya kuma ajiye ɗan abin da zai sayi abinci da magani na kwana biyu. Matasa su zauna su koya wa iyaye yadda ake duba saƙon banki, su gargaɗe su kada su faɗa wa kowa lambar sirri, ko da mai kiran ya ce daga banki yake. Zumuntar mata da ta matasa su san gidajen gwauraye da tsofaffin da ba su da waya, su kuma san wanda zai leƙa su.

Daga ƙarshe, mu tuna cewa zumunci a ƙafa yake. Ranar da waya ta yi shiru, wanda zai ƙwanƙwasa mana ƙofa shi ne maƙwabcin da muka saba gaisawa da shi.