Daga Lifidi Zuwa Sulken Tanka

A zamanin Sarki Ɗan Baskore, mahayan Maraɗi da na Tibiri kan fita yaƙi cikin lifidi da sulke, amma hakan bai hana a dawo da doki babu mai shi ba. Audugar lifidi tana shanye ƙarfin kibiya, maharbi kuwa sai ya nemi inda ɗinki ya saki. Gardamar nan ta sulke da kibiya ba ta mutu ba, doki ne kawai ya zama tankar yaƙi. Yaro in ya ga mota mai sulke ta wuce ta hanyar Jiratawa, cewa yake yi babu abin da zai huda ta. Akwai kuwa.

Harsashi mafi tsanani ma kibiya ce tsantsa, babu albarushi a kanta. Siririyar sanda ce ta ƙarfe mai nauyin gaske, an rungume ta da kwasfa don ta cika bakin igwa. Tana fita kwasfar ta zube, ita kuma ta wuce da gudun fiye da mita 1,500 a daƙiƙa guda. Duk ƙarfin nan a wuri ɗan mitsitsi yake sauka, shi ya sa allura ke shiga inda dunƙulen hannu ba ya shiga. Da tangistan ake ƙera ta, ko da dusar yuraniyom, wato abin da ke saura bayan an tace irin ma'adinin da ake haƙa a Arlit. Amurka ta harba irinta a yaƙin Iraƙi na 1991.

Harsashi na biyu ya fi ba ni mamaki. A cikin kansa akwai mazurarin jan ƙarfe da nakiya a bayansa. Idan ya daki sulke, nakiyar kan matse mazurarin ya zama tsinke mai gudun kilomita da yawa a daƙiƙa. Mutane kan ce narka sulken yake yi. A'a, tsananin matsi ne ke tura ƙarfen gefe kamar taɓo. Kuma tun da ƙarfinsa ba daga gudun harbi yake zuwa ba, ba ya bukatar ƙatuwar igwa. Da shi RPG-7 da ake saɓawa a kafaɗa ke aiki, haka ma igwar AML-90, motar Panhard ta Faransa da sojan Nijar suka daɗe suna hawa. Maƙwabtanmu sun gwada: a Fada, ranar 2 ga Janairu 1987, sojan Cadi a kan motocin Toyota, ɗauke da makamin MILAN mai irin wannan kai, suka ƙone gomman tankokin T-55 na Libiya.

Akwai kuma wanda Ingila ta fi so, shi ba ya huda komai. Lafewa yake a jikin sulke ya fashe, sai ɓarɓashin ƙarfe ya ɓalle ta ciki, kamar a daki katanga yaɓen ɗaki ya zubo.

Maƙera sulke ba su zauna ba. Sun jera ƙarfe da tangaran falle-falle, sun liƙa tubalan nakiya masu fashewa waje don karya tsinken. Kejin ƙarfen da ake gani kewaye da wasu motocin soja kuwa don roka aka yi shi, ya lalata kanta kafin ta taɓa jiki. Kibiyar tangistan ba ta ma san yana wurin ba.