Hayar tarakta: me ke sa ƙaramin manomi ya gamsu ko ya yi ƙorafi?

A jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, akasarin manoma da hauya da garmar shanu suke aiki. Sayen tarakta ya fi ƙarfin mai eka biyu ko uku, kuma ko ya saya, gonarsa ba za ta maida kuɗin ba. Shi ya sa haya ta zama hanyar da ƙaramin manomi ke samun aikin inji.

Daga ina injinan ke fitowa?

Hanyoyi uku ne aka fi sani. Akwai ƴan kasuwa da manyan manoma da ke bada nasu bayan sun gama aikin gonakinsu. Akwai ƙungiyoyin manoma, musamman a filayen noman rani da ofishin ONAHA ke kula da su, kamar na Jiratawa da Birnin Ƙonni. Akwai kuma ƙananan hukumomi: tsarin Gidan Manoma, wanda ya fito daga shirin 3N na “ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar”, ya tanadi cibiyar gyara da hayar kayan noma. Galibi ana biyan huɗa bisa eka ko awa, sussukar hatsi kuwa bisa dami ko buhu.

Lokaci ya fi farashi

Damana a Nijar gajera ce, wata uku zuwa huɗu. Da ruwan shuka ya sauka, kowa na son tarakta a mako guda. Mai injin yakan fara da manyan gonaki, domin yawo tsakanin ƙananan filaye masu nisa da juna na cin gazuwal ba riba. Wanda layi ya kai gare shi bayan laimar ƙasa ta tafi, ko an rage masa kuɗi ya riga ya yi asara. Idan inji ya lalace a tsakar aiki, kayan gyara ba sa samuwa a ƙauye, sai an nemo su daga birni.

Awon gona da ingancin aiki

Wata rigimar kuma kan girman fili take tasowa. Gonaki da yawa ba a taɓa auna su ba, sai direba ya ce eka biyu, mai gona ya ce ɗaya da rabi. Aunawa da GPS tun kafin a fara na kashe wannan gardama.

Ba kowace ƙasa ce ke son tarakta ba. A fadama mai laka, kamar kwarin Gulbin Maraɗi da Maggiya, huɗar inji na sassauta ƙasa, ruwa ya shige ta. A jigawa mai rairayi kuwa, huɗa mai zurfi na iya barin ƙasa a hannun iska. Direba marar kula kan tumɓuke ƴan itatuwan gawo da manomi ya yi shekaru yana raino a gonarsa.

Inda aka fi jin daɗin haya shi ne bayan girbi. Injin sussuka na gama aikin da mata kan kwashe kwanaki suna yi da turmi da taɓarya, kuma ba ruwan sama da ake tsere da shi.

Abin da ke sauƙaƙa lamarin

Maƙwabtan gona na iya haɗa kai su yi rajista tare tun bazara, injin ya zo sau ɗaya ya gama da su. Yana da kyau a rubuta rana, girman fili da farashi a gaban shaidu, a biya rabi kafin aiki, sauran bayan an duba huɗar. Ƙungiyar da ke da inji kuma ta riƙa ware kuɗin gyara daga kowace haya, in ba haka ba lalacewar farko ce za ta ajiye shi ƙarƙashin itace. Mai gonar jigawa kuwa ya fara neman shawarar malamin gona, domin sau da yawa garmar shanu ta wadatar da shi.