Tsohuwar Na'urar Sauraro da Sabuwar Kwamfuta: Mu Fahimta Kafin Mu Goge

A gidajenmu na Sabon Zongo da Nima da Maamobi a Accra, har gobe ana ji da ƙananan na'urorin sauraro. Ga 'yar rediyo mai cin memori da dattijo ke ajewa a gefen tabarmarsa, ga MP3 ta aljihu, ga iPod da wani ɗan'uwa ya aiko daga Amurka. A cikinsu akwai tafsirin azumi da begen Mauludi da waƙoƙin Shata da na Ɗan Maraya Jos. Sau da dama in an jona su da sabuwar kwamfuta sai aiki ya ƙi, mu ce na'urar ta mutu. Galibi lafiyarta ƙalau, zamani ne ya sauya mata abokin aiki.

Sauyi na farko yana wajen manhaja, wato shirin da ke sa kwamfuta ta yi wani aiki. Kamfanin Apple ya fito da iPod a 2001, ya daina ƙera ta a 2022. Manhajar iTunes da ake zuba mata waƙa kuwa an cire ta daga sababbin kwamfutocin Mac tun 2019, aikin ya koma cikin manhajar Finder, amma a Windows tana nan. Abin lura shi ne iPod da rumbun waƙar kwamfuta ɗaya take tafiya. In ta haɗu da baƙuwar kwamfuta, za a tambaye mu ko a goge a daidaita. Wanda ya amsa da "to", duk abin da ke ciki ya tafi.

Na biyu shi ne memori. Kowane kati yana da tsarin da ake jera fayiloli a cikinsa. Mai 32GB zuwa ƙasa yakan zo da tsarin FAT32, wanda tsofaffin na'urori suka sani. Daga 64GB zuwa sama tsarin exFAT ne, da yawansu ba sa karanta shi. Shi ya sa za a sayo babban kati a kasuwar Circle, a cika shi taf, rediyo ta nuna babu komai.

Na uku nau'in fayil ne. Saƙon murya na WhatsApp a nau'in Opus yake, na'urar kuwa MP3 ta iya. Manhajar VLC, wadda kyauta ce, tana juya shi zuwa MP3.

Lamarin ya fi ƙarfin nishaɗi. Waƙar fitaccen mawaƙi a sake samunta a intanet. Karatun malamin unguwa da ya rasu, ko kiɗan bikin gidanmu, mai yiwuwa a katin nan kaɗai ya rage a duniya. Kuma duk na'urar da muka yar alhali tana aiki, asarar kuɗi ce, ƙari ne a kan tarin sharar lantarki da Accra ke fama da ita.

Don haka kafin komai mu kwafe abin da ke ciki, mu adana a wuri biyu: kwamfuta da filas. A tsofaffin iPod masu da'irar latsawa, waƙoƙin suna ɓoye a wata jaka mai suna iPod_Control, mai gyaran da ya san aikinsa zai iya fito da su. Kada mu danna komai a saƙon da ba mu gane ba. In mun kai wa mai tura waƙa, mu ce masa: "Malam, a kwafe tukuna kafin a wanke." Mu saya wa tsohuwar rediyo ƙaramin kati, mu sa wa kowane fayil sunan malami ko mawaƙi da shekara. Matasanmu da suka san kan kwamfuta kuma su zauna da iyaye da kakanni su yi musu wannan aiki tun na'urorin na kunnuwa.